Turmi Ma Yana da Biza

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage shi a hankali]

  Ina gaida mutanen Dogarawa da Galmi, da na Malbaza da Tsarnawa, da ƴan kasuwar Birnin Konni. Ina gaida mutanen Illela, tamu ta nan jihar Tawa da takwararta ta ƙasar Sakkwato. Gaisuwa ta musamman ga teloli da ke bisa keke a wannan lokaci, da masu aikin wuyan riga, da iyayenmu mata masu kaɗi da saƙa da rini. Sannunku da aiki.

Kafin mu shiga magana, ina roƙon alfarma ɗaya. Uwargida, in akwai zanen atamfa kusa da ke, jawo shi ki dubi bakinsa. Za ki ga wani siririn farin layi mai rubutu: sunan kamfani, lambar zane, wani lokaci har da sunan ƙasar da aka ce can aka buga shi. Shekara da shekaru muna sayen atamfa muna duba wannan layi, amma wa zai iya rantsuwa cewa abin da aka rubuta gaskiya ne? Kowa ya san ana buga sunan Holan a bakin zanen da bai taɓa kwana Holan ba. Mu a nan, in mun gano an cuce mu, mukan bar wa Allah mu wuce. Manyan ƙasashe masu sayen tufafi kuwa ba su yarda da rubutun bakin zane. Wasunsu hatimin gwamnati suke nema, kuma sunan wannan hatimi biza.

Teloli da masu kai kaya baje koli sun sha tambayata ko da gaske ne riga ma sai da biza take shiga wata ƙasa, alhali ita ba mutum ba ce. To, yau za mu warware wannan magana: mece ce bizar kaya, ina ta samo asali, yaya ake samunta, kuma mene ne ruwan ɗan Dogarawa da ita.

Bizar da muka saba da ita, ƙasar da za ka je ita ke buga maka a fasfo. Ta kaya kuwa, ƙasar da kayan suka fito ita ke bugawa. Hatimi ne da gwamnatin mai kaya take dannawa a kan faktir, wato takardar ciniki mai ɗauke da sunan mai sayarwa da na mai saye, da irin kayan, da yawansu, da kuɗinsu. Da wannan hatimi gwamnati ke tsaya wa kayan, tana shaida cewa a ƙasarta aka yi su, kuma ga adadinsu. Ƴan duwan, wato jami'an kwastan, na can ƙasar mai saye sun riga sun karɓi samfurin hatimin da na sa hannun jami'an da aka ba izini. In kaya ya iso, sai su gwada na faktir da wanda ke ajiye gare su.

In kun lura, wannan ba baƙon abu ba ne a kasuwancin Hausa. Zamanin fatake, in Buzu ya sauka Kano sayen turkuɗin Kura, mai masaukinsa ke tsaya masa, ya kira dillali, a buɗe kaya a gabansa. In daga baya algus ya fito, an san ƙofar da za a buga. Da irin wannan amana tufafin ƙasar Hausa suka yi nisa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai saƙar Kano har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Aikin da mai masauki yake yi da bakinsa a wancan zamani, shi gwamnati ke yi yanzu da tawada.

To me ya sa aka fi tsananta wa tufafi? Dalili shi ne, saƙa da ɗinki sana'a ce mai cin mutane da yawa, kuma da ita ƙasashe matalauta suke fara kafa masana'antu. Da tufafi masu arha suka fara kwarara daga Asiya zuwa Turai da Amurka, sai masu masaƙun can suka ɗaga murya. A 1974 aka kafa wata yarjejeniya ta duniya kan zare da yadi da tufafi, wadda ta bai wa ƙasashe masu arziki damar yanka wa kowace ƙasa kasonta: ke ga iyakar wandunan da za ki kawo bana, ke kuma ga iyakar rigunanki. Tun da akwai kaso, dole a yi ƙidaya. Gwamnatin mai kaya ta raba kason ga kamfanoninta, ta riƙa buga biza a kan kowane kaya da zai fita, ƴan duwan na Amurka kuma suna cirewa daga lissafi. Ranar da kaso ya cika, ƙofa ta rufe sai baɗi.

Daga nan dabaru biyu suka fito. Ta farko halal ce: mai masana'anta ya kwashe kekunansa ya koma ƙasar da kasonta bai cika ba. Haka masu jari daga Hong Kong suka kafa masana'antun ɗinki a tsibirin Morishus. Ta biyu kuwa cuta ce: a ɗinka riga a wata ƙasa, a bi da ita ta wata, a liƙa mata sunan ƙasar da ta ratsa. Wannan shi nake kira aron asali, kuma saboda shi ne bizar kaya ta ƙara tsanani.

Da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, sai aka ba tsarin kaso wa'adin shekara 10. Ranar 1 ga Janairu 2005 ya faɗi. Bizar ƙidaya ta yi ta raguwa, amma wata irin biza ta tsaya da ƙafarta, ita ce bizar rangwame. Wato in wata ƙasa ta ce ta yafe maka harajin duwan don tana son taimakon masana'antunka, sai ta nemi shaidar cewa kai ɗin ne ke cin moriyar, ba wani ya raɓe a bayanka ba.

Babban misali a nan shi ne dokar Amurka da ake kira AGOA, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu ranar 18 ga Mayu 2000. Dokar ta buɗe wa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kasuwar Amurka ba tare da haraji ba a kan dubban kayayyaki. A wajen tufafi rangwamen ba ƙarami ba ne. Ƴar shara ta auduga, irin mai miƙewa da samari ke sawa, harajinta kashi 16 da rabi ne cikin 100. In zarenta na roba ne, yana kaiwa kashi 32. Duk ɗan kasuwa ya san abin da wannan rata ke nufi a wurin ciniki.

Sai dai shiga jerin ƙasashen AGOA bai isa ba. Kafin tufafin ƙasa su ci rangwamen, sai ta kafa tsarin biza da Amurka ta gamsu da shi, ta yi dokar hukunta masu aron asali, ta kuma yarda jami'an duwan na Amurka su zo su shiga masana'anta su gani da idonsu. Kenya da Morishus su suka fara cika sharuɗɗan a watan Janairu 2001. Nijar ta cika su a watan Disamba 2003, Najeriya kuma a watan Yuli 2004.

Yanzu ku matso kusa mu dubi hatimin kansa, kamar faktir ɗin yana gabanmu. Hatimin zagayayye ne, da shuɗiyar tawada, kuma a fuskar faktir na asali ake buga shi, ba a kan kofe ba. A cikinsa akwai ranar da aka bayar, da sa hannun jami'in da aka ba izini, da rukunin kayan, da yawansu. Akwai kuma lambar biza mai gida tara. Gidan farko lambar rukuni ce, sai haruffa biyu na sunan ƙasa, sai lambobi shida. Haruffan Nijar su ne N da E, na Najeriya N da G. Harafi ɗaya ya raba mu da maƙwabtanmu, kuma kuskuren wannan harafi kaɗai ya isa a ƙi biza. Haka in abin da ke cikin ɗauri ya zarce abin da hatimi ya faɗa, ko ranar ta goge, ko wanda ya sa hannu ba ya cikin waɗanda aka tantance. In haka ta faru, ko dai a koma a nemo sabuwar biza, ko a biya cikakken haraji.

Bayan biza akwai takardar shaidar asali, wadda mai fitar da kaya yake cikewa, ya faɗi wanda ya yi zaren, da wanda ya saƙa yadin, da wanda ya ɗinka. Ita mai saye ke ajiyewa shekara 5. Shi ma mai masana'anta dole ya ajiye lissafinsa: yadi nawa ya shigo, nawa aka yanka, keke nawa ke aiki, ma'aikata nawa. In jami'ai suka zo suka tarar da keke 10 a shago, faktir kuma yana cewa riga dubu 100 ta fita a wata guda, ba sai an yi dogon bincike ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda aka kama da aron asali, dokar ta ce a hana shi rangwamen har shekara 5.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Jama'a masu saurare, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan bizar kayan saƙa da ɗinki. Mun ce gidan farko na lambar biza rukuni ne. Rukunan suna da dama, amma uku suka fi shafarmu.

Rukuni na 4 na tufafin da aka ɗinka da yadin da aka saƙa a Afirka ne, da zaren Afirka ko na Amurka. Rukuni na 5 sassauci ne ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi: ka sayo yadi daga ko'ina a duniya, in dai yanka da ɗinki a ƙasarka aka yi. Da wannan ƙofa Lesoto da Kenya da Madagaska suka samar wa dubban mata aiki a masana'antun wanduna da riguna.

Rukuni na 9 kuwa, shi ne namu na gado: saƙar hannu, da abin da aka yi da ita da hannu, da tufafin gargajiya, da atamfar da aka buga a Afirka. A nan kowace ƙasa ke kai samfurin kayan al'adarta a duba, a rubuta siffarsu ɗaya bayan ɗaya. Nijar ta yi haka, kuma cikin abin da aka amince mata da shi har da bargon tera-tera da babbar riga mai aikin hannu. Ga wani sharaɗi da ya kamata teloli su ji da kyau. Tufar da za ta shiga da sunan gargajiya ba a yarda a sa mata zik ba, ko roba mai talewa, ko maɓallin dannawa. Ba a yarda a yi mata adon jirgin sama ko mota ko hotunan zanen yara na talabijin ba. Yadda kakanni suka bar ta, haka ake son ta. Tela yakan ƙara zik don yana ganin ya gyara, ashe ya fitar da rigarsa daga rukuninta.

Duk lokacin da na karanta wannan sharaɗi sai in tuna kakata, Allah ya jiƙanta. Da hantsi takan zauna a inuwar zaure da ƴar tasarta, ta gurza auduga a kan magurji, ta shiɓe ta, sannan ta dangwali alli da yatsa ta murza mazari. Mazari na juyi cikin tasa, zare na fita daga hannunta na hagu siriri kamar gashi. In ya taru sai a kai wa masaƙi, ya yi wadari, ya zauna gindin itace, ƙoshiya na kai da komo, kunkuru na matsowa sannu a hankali daga can nesa. Audugar daga gonar gida take, a nan kwarin Magiya. Wannan zane, tun daga iri har zuwa ɗinki, babu zare ɗaya na aro a jikinsa. Da a ce yau yana nan, babu ƙa'idar asali a duniya da za ta iya ƙin sa. Abin da manyan kamfanoni ke kashe kuɗi suna neman shaidarsa, iyayenmu suna yin sa a tsakar gida.

Amma wajibi ne in faɗa muku halin da ake ciki, kada wani ya yaudare ku. AGOA doka ce ta Amurka ita kaɗai, ita ke sa ƙasa, ita ke cirewa, kuma duk shekara tana sake dubawa. An cire Nijar a farkon 2010 saboda rikicin tazarce, aka mayar da ita a watan Oktoba 2011. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, an sake cire ta daga ranar 1 ga Janairu 2024, tare da Gabon da Yuganda da Afirka ta Tsakiya. Mali ta fita tun 2022, Burkina Faso a 2023. Ita kanta dokar da wa'adi take tafiya: a 2015 an tsawaita ta zuwa ƙarshen Satumba 2025, kuma kowane ƙari sai majalisar Amurka ta yarda. Ƙasar da aka cire, kayanta na iya shiga Amurka, sai dai su biya haraji kamar na kowa, kuma bizar rangwame ba ta aiki a kansu. Don haka in wani ya zo ya ce ku kawo kuɗi zai samo muku bizar AGOA, ku je ku tambayi hukuma tukuna ko an mayar da ƙasarmu cikin jerin. Mutanen Madagaska sun ɗanɗana wannan: da aka cire su a 2010 masana'antu suka rufe, dubban ma'aikata suka koma gida. Wanda ya jingina da ƙofa ɗaya, ranar da aka rufe ta a waje zai kwana.

To in haka ne, me ya sa muke ɓata lokacinku da zancen? Saboda darasin da ke cikin hatimin nan ya fi AGOA tsawon rai, kuma ya taɓa mu a inda ke mana ciwo.

Ku dubi wannan babbar hanya da ta ratsa garinmu. Shekaru da dama manyan motoci sun yi ta tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su shigo ta Gaya, su sauke bandir-bandir na atamfa da shadda da leshi a ɗakunan ajiya na Konni da Maraɗi. Mafi yawansu ba don mu aka kawo su ba. Tun shekarun 1970 Najeriya ta sha hana shigo da yadi don ta kare masaƙunta, sai kayan suka riƙa zagayowa ta wajenmu su tsallaka, su ƙare a kasuwanni irin Kantin Kwari na Kano. An ci abinci da wannan hanya, ba mai musu: direbobi, da ƴan dako, da masu shaguna, har da baitulmalin ƙasa. Amma mu tsaya mu yi lissafi. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta rufe a 2002. Babbar masaƙar UNTL ta bi ta a 2007. Rashin wutar lantarki da tsadar mai sun taimaka, amma kwararar yadi mai arha ta bayan fage tana cikin abin da ya durƙusar da su. Mu ma tamu ta Yamai, wadda aka sani da SONITEXTIL daga baya ta koma ENITEX, ta sha irin wannan wahala. Dattawa sun tuna lokacin da ake auna audugar Magiya ana kai ta injin gurza na Madawa. Yau yaranmu bosho suke sawa.

Kuma ranar da iyaka ta rufe, kamar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ko kuma bayan Yuli 2023, kun ga yadda kasuwa ta yi tsit. Arzikin da ke wucewa ta ƙofar gidanka, ranar da ya sauya hanya ba ya sallama. Duk turamen nan da suka kwana a Konni, ko ɗaya ba zai samu hatimin asalin Nijar ba, ko da ya shekara a ɗakin ajiya, ko da an sauya masa ɗauri an liƙa masa sabuwar takarda. A dokar ciniki, asalin kaya shi ne inda aka yi aikinsa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mu mutanen Dogarawa mun fi kowa sanin wannan, domin muna da albasa. Albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Akara, kuma kun san yadda ake zuba wata albasa a buhu a kira ta da sunan tamu. Shi ya sa aka yi mata rajista a hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallaka a Afirka, don sunan ya zama na masu shi. Manomin da ya fahimci dalilin kare sunan albasarsa ya riga ya fahimci bizar tufafi.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Yanzu bari mu leƙa sauran ƙofofi, domin kowace da irin shaidar da take nema.

Ta farko ita ce ta kusa, ƙungiyar UEMOA mai ƙasashe 8 masu amfani da sefa. A dokarta, kayan masana'anta sai da takardar shaidar asali suke wucewa ba haraji. Amfanin gona da na kiwo da abin da aka yi da hannu kuwa an ɗauke musu wannan takarda. Ke nan gwadon da masaƙi ya saƙa da hannunsa yana da gata a doka, daga nan har Wagadugu da Bamako da Dakar. Ta fuskar Najeriya, tun da ficewar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, a riƙa tambayar ofishin duwan abin da ake ciki kafin a ɗaure kaya.

Ta biyu ita ce Tarayyar Turai. Tun 2001 take da tsarin da ya yafe haraji a kan dukkan kayan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ban da makamai, kuma Nijar na cikinsu. A nan ba a buga biza. Mai kaya da kansa yake rubuta shaidar asali a kan faktir. In kuɗin kayan bai wuce yuro 6,000 ba, wato kusan sefa miliyan 4, ba ya buƙatar rajista. In ya wuce, sai ya yi rajista a tsarin da ake kira REX ya samu lamba. Sauƙi ne, amma nauyi ya dawo wuyan mai kaya, domin ana iya waiwayarsa daga baya a ce ya kawo hujja.

Ta uku ita ce kasuwar bai ɗaya ta Afirka, ZLECAf, wadda aka sa wa hannu a Kigali a watan Maris 2018, aka ƙaddamar da ita a Yamai ranar 7 ga Yuli 2019. Ita ma rangwamenta na kayan da aka yi a Afirka ne, kuma tufafi na cikin abubuwan da aka fi daɗewa ana ja-in-ja a kan ƙa'idar asalinsu. Ƙasashe masu auduga da masaƙu suna son a ce sai da yadin Afirka, masu ɗinki kawai suna son a bar su su sayo daga waje.

Kun ga ƙofofin sun bambanta, hatimin ya bambanta, amma tambayar ɗaya ce a ko'ina: wa ya yi, a ina, da me?

Saboda haka ga shawarata, ƴan uwana masu sana'a. Malam tela, ka sayi littafi. Duk yadin da ya shigo shagonka ka rubuta ranar, da wurin da ka saya, da yawansa, ka kuma karɓi rasit ka ajiye. In saƙi ne, rubuta garin masaƙin da inda ya samo zare. In zaren kanti ne, ka faɗi haka, kada ka kira shi na gida. Hajiya mai rini, ki ware na hannu daban, na inji daban, tun daga ɗauri. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma in aka kama mutum ɗaya da ƙarya, duk kayan da suka fito daga ƙasarsa sai an riƙa yi musu kallon tuhuma.

Sannan ku haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tela guda ba zai iya da kuɗin takardu da na jigila ba, amma ƙungiya mai rajista, mai lambar haraji ta NIF, tana iya buga faktir da sunanta, ta je baje koli irin SAFEM a Yamai, ta yi magana da mai saye da murya ɗaya. Kafin ku yanka yadi, ku tambayi mai sayen wace takarda ƙasarsa ke nema, domin ba a gyara asali bayan an gama ɗinki. Tun ran gini, ran zane. Ku je da ƙafarku Zauren Ƴan Kasuwa da Masana'antu na Nijar ko ofishin duwan na Konni ku yi tambaya. Kada ku ba kowa faktir ɗinku ya rufe kayan wani da shi, komai kuɗin da ya yi muku tayi. Sunanku ne a kai, kuma ku za a nema.

Ga shugabanninmu kuma, muna kira da ladabi. Hatimi ba ya haifar da kaya. In ana son wata rana a ga haruffan Nijar a kan ɗaurin tufafi a tashoshin duniya, sai an koma gona an tallafi mai auduga, an raya gurza da kaɗi, an koya wa matasa saƙa kafin tsofaffin masaƙa su ƙare.

Uwargida, har yanzu zanen nan na hannunki? Sake duban bakinsa. Burina shi ne mu ga ranar da ɗiyarki za ta ɗauki zane ta karanta wannan farin layi, ta ga sunan ƙasarta, ta kuma san gonar da audugar ta fito da hannun da ya saƙa. Hanyar zuwa can tana farawa daga shafin farko na littafin tela. A daren nan, kafin a rufe shago, a rubuta yadin da aka saya yau.

A nan za mu dasa aya. Wanda ke da tambaya ya aiko mana, za mu nemo amsa daga masu ilimin abin. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya. Sai wani mako in Allah ya kai mu. 

[Kiɗan rufe shiri]